Minti Hamsin a Takarda

Ni ba yawon buɗe ido ne ya kai ni Kanada ba, haihuwa ce. Rakiya, 'yar ƙanwata Hauwa, ita ke ɗauke da cikin fari a can, a wani garin masu haƙar ma'adinai da ke ƙuryar arewacin ƙasar, inda gwamnati ta tura mijinta Malam Isiyaku, mutumin Farin Dutse, koyon aiki. Zamanin da kuɗin mai ya shigo ne, ana ta kwasar samari ana kai su waje karatu, har ɗan talaka kan iya aiko wa surukarsa tikitin jirgin sama.

Ni na goyi Rakiya. Uwarta a Maruta ta rasu, wajen haihuwar na biyu. Ranar an aiko mini Birnin Kudu da hantsi cewa naƙuda ta yi tsawo, na ce bari in gama aikin da ke hannuna in bi motar yamma. Motar yamma ta sauke ni Gwaram, na ƙarasa da ƙafa, na tarar maza suna dawowa daga maƙabarta. Ba wanda ya taɓa ce mini komai a kai, har yau. Ni na ce wa kaina. Shi ya sa ina da shekara talatin da 'yan kai, ina sharar ɗakin haihuwa a asibiti, na je na zauna a bencin yaƙi da jahilci, sa'o'ina suna yi mini dariya wai tsohuwa da allo. Na koyi karatu, na koyi rubutu, na koyi agogo. Agogon na fi ɗauka da zafi. Da albashina na sayi nawa na hannu, kuma ban ƙara barin kowa ya ce mini "an jima" ba tare da na tambaye shi ƙarfe nawa ba.

Malam Isiyaku ya rubuto mini tafiyar da Hausa, zango-zango, jirgi huɗu, kowanne da lokacin tashinsa da na saukarsa. Ya haɗo da wani kati na Turanci da zan rataya a wuya in riƙa nunawa. A ƙasan takardar ya ja layi biyu: kowace ƙasa da agogonta, duk ƙasar da na sauka in daidaita nawa da na bango. Wannan na gane shi sarai. Ai ko Makka an ce suna riga mu yin azahar.

Zango na farko Landan. A nan na fara sanin cewa baƙo makaho ne ko da idonsa a buɗe. Ina tsaye tsakiyar mutane da jaka biyu ina mita ni kaɗai, sai na ji an ce a bayana, "Sannu Hajiya. Daga gida?"

Wani dogo ne cikin kwat, baƙi kamar mu. Na ce, "Ban je Makka ba tukuna, kada ka ɗora mini abin da ban yi ba. Kai ɗan ina ne?"

"Iyayena Kanawa ne, a Kumasi aka haife ni. Ina za ki, Inna?"

Wannan "Inna" ita ta kashe mini jiki. Kwana ɗaya kawai da barin gida, amma ji na yi kamar na shekara ban ji Hausa ba. Ya karanta katina, ya raka ni har ƙofar da zan jira, ya tambayi damina, ya tambayi farashin gero. Na ce ina son in yi alwala. Ya nuna mini bayan gida na mata, ya ce ba a shiga da kaya biyu, in kawo ɗaya ya riƙe mini. Na fito ban gan shi ba. A jakar akwai zannuwan goyo, da kayan jariri da na ɗinka da hannuna, da bargo, da rigar sanyin da wata nas ta ba ni aro. Ban yi kuka ba. Na dai riƙe a raina cewa daga yau duk wanda ya yi mini alheri a hanyar nan, in dubi hannunsa kafin fuskarsa.

Zango na biyu babban birnin da ake fara sauka a Kanada. Masu binciken kaya suka buɗe jakar da ta rage. Suka ɗauke kilishi da man shanu, suka sunsuni daddawa suka ja da baya. Da suka zo kan kanwa sai suka kira wani babba. Na ga abin zai yi nisa, na gutsura na sa a baki na tauna a gabansu, na nuna ciki, na yi musu alamar jariri a hannu. Babban ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar mini da ita cikin garin gero ya ja zif. Na gyara agogona da na bangonsu, kamar yadda aka ce, na wuce.

Zango na uku shi ne inda duniya ta ƙare. Filin jirgin ɗaki ɗaya ne na kwano, bai kai sito na gyaɗa girma ba, da murhu na ƙarfe a tsakiya. Da aka buɗe ƙofar jirgi iskar ta shiga hancina kamar an zuba mini barkono, hawaye ya daskare a gashin idona. Abin da muke kira sanyi a Gwaram wasa ne. Gabas fari, yamma fari, ba gona, ba dabba, ba tsuntsu. Abin da ya fi tsorata ni rana ce. Ta fito can gefen kudu ta tsaya ƙasa-ƙasa kamar mara lafiya, ta ƙi hawa. Ni da na tashi ina gane azahar da inuwata idan ta dawo ƙarƙashin ƙafa, sai ga inuwata doguwa tun safe har rana ta faɗi. Na ce to, rana ta fita daga lissafi. Saura ni da agogo.

Jirgin ƙarshe bai tashi ranar ba, ƙanƙara ta rufe hanya. Mai kula da filin, wani mai jan gemu, ya zaro wata ƙatuwar riga daga cikin kayan da aka manta ya yafa mini, matarsa ta ba ni ɗaki da shayi. Akwai wata tsohuwa da ita ma jirgin take jira, daga mutanen ƙasar na asali, gajeriya, mai faɗin fuska, idonta kamar an tsaga da reza. Ta zauna kusa da murhu tana ɗinki. Ta dubi takalmin robar da ke ƙafata ta girgiza kai, ta faɗi wata magana da yarensu wadda na tabbata zagi ce, irin wanda uwa kan yi. Ta buɗe ƙunshinta ta fito da takalman fata masu gashi a ciki, ta durƙusa ta sa mini da kanta. Na yi godiya da Hausa, ta amsa da nata. Amma ko a lokacin jakata na tsakanin ƙafafuna.

Da gari ya waye mai jan gemu ya kira ni wurin tarho. Muryar Malam Isiyaku ce, can nesa kamar daga cikin rijiya.

"Inna, ina kwana? Kin tashi lafiya? Ya gajiyar..."

"Bar gaisuwar nan, Malam. Ina yarinyar?"

"Mun kai ta asibiti tun kafin asuba. Ta fara jin jiki."

"Faya ta fashe?"

"Inna, ni ban san waɗannan abubuwan ba."

"To me ka sani, duwatsu? Wa ke wurinta?"

"Akwai nas-nas."

"Na ce wa ke wurinta, ban ce wa ke bakin aiki ba."

"Ba kowa, Inna. Ke take ta tambaya. Amma ai kin zo, yau jirgin zai tashi. Zangon ƙarshe ne, duba takardarki."

Waya ta yanke. Na fito da takardar. Tashi, sha ɗaya da kwata. Sauka, sha biyu da minti biyar. Na yi lissafi a ka, na sake yi da yatsu, na sake yi da fensir a bayan takardar. Minti hamsin. Ko daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, ranar da direba bai tsaya lodin buhuna ba, ya fi haka. Na dubi agogon bango, na dubi nawa, bakinsu ɗaya. Cikin fari ba ya sauri. Na ce in Allah Ya so wannan karon na riga.

Jirgin ƙarami ne mai fanka biyu. Rabinsa akwatunan kaya ne an ɗaure da raga, rabinsa mutane, ba mu fi goma sha biyu ba, yawanci ƙattin ma'aikatan rami. Ma'aikaciya ɗaya ce, wata siririya mai gashi kamar zaren masara. Tsohuwar nan aka ba kujerar kusa da ni. Sha ɗaya da kwata daidai ƙafarsa ta bar ƙasa, har na yaba musu a raina, na ce mutanen nan ba sa ƙarya da lokaci.

Sha biyu saura biyar na gyara ɗankwali. Sha biyu daidai na jawo jakata kan cinya. Sha biyu da biyar na leƙa taga in ga gari.

Babu gari. Fari ne kawai shimfiɗe har inda ido ya ƙare, da wasu baƙaƙen zane kamar tsagar ƙasa a rani. Jirgin bai sunkuyar da kai ba, ƙararsa ba ta canza ba. Na ce wataƙila minti biyar, ko mota takan yi latti. Sha biyu da kwata. Sha biyu da ashirin. Na kai agogon kunne, yana bugawa lafiya lau. Na sake buɗe takardar ko na karanta ba daidai ba. Rubutun Malam Isiyaku ne tsaf, sha biyu da minti biyar, kuma haka yake a jikin tikitin, domin lamba ba ta da yare.

Ni na san abin da ake kira ɓata. Na taɓa shiga lorin da direbansa ya bar hanya a daji da damina, yana ta ba fasinja labari yana dariya alhali gumi na bin wuyansa. Kuma na san direba daidai tafiya yake shan mai. Wanda ya auna man minti hamsin, me zai ƙona a minti na saba'in? A daji in mai ya ƙare sai a sauka a zauna gindin bishiya. A nan ina za a sauka? Ko an sauka da rai, sanyin da ke ƙasa ba zai bar mutum ya kai la'asar ba.

Na ɗaga hannu na kira ma'aikaciyar. Na nuna mata takarda, na nuna mata agogo, na buga gilashinsa da farce. 'Yar Turancin da na tsinta a asibiti duk ta gudu, sai Hausa ke fita: "Mun wuce lokaci. Ina garin? Ki gaya mini gaskiya, ni ba yarinya ba ce." Ta sunkuyo ta yi murmushi, ta dafa kafaɗata, ta yi wata doguwar magana tana juya yatsa a iska, sannan ta kawo mini ruwan lemo. Shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin haihuwa. Na san murmushin da ake yi wa dangin mara lafiya idan an riga an san abin da ba a son faɗa. Ni kaina na yi wa mutane shi.

Na waiga na dubi sauran. Wasu na barci, biyu na karta. Na ce su ba su duba agogo ba, ni kaɗai na sani. Sha biyu da rabi ta wuce. Sai jirgin ya shiga wani gajimare ya fara rawa, ya faɗa ƙasa kamar an sake guga a rijiya, ya sake tashi. Akwatuna suka yi kuka cikin ragarsu. Taga ta zama fari fat, ko fukafukin ba na gani.

Ba mutuwar ce ta fi cina ba, Allah ne shaida. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Rakiya tana kwance tana kallon ƙofa, kamar yadda aka ce uwarta ta yi ta kallon ƙofa. Za a ce mata jirgi ya ɓata, amma abin da zuciyarta za ta riƙe shi ne Inna ba ta zo ba. Sau biyu, gida ɗaya.

Na jawo jakar takardar da suke ajiyewa domin mai amai, na ɗora a gwiwa, na rubuta da fensir: "Sunana Tabawa. Ni ce uwar Rakiya matar Isiyaku. A gaya mata na taho, ban tsaya gama wani aiki ba. A dafa mata ruwan wanka ya tafasa safe da yamma har kwana arba'in. A dama mata kunun kanwa, garin yana cikin jakata. Kada a bar ta ta taka ƙasa ba takalmi." Da Hausa na rubuta, a ƙasar da masu karanta Hausa ba su fi biyu ba, a takardar da wuta za ta fara ci. Hankali ba ya aiki a irin wannan lokaci. Na ninke na cusa cikin rigata.

Duk abin nan tsohuwar tana kallona. Ɗaya saura minti biyar, ina duba agogo karo na ɗari, sai na ji ta kama wuyan hannuna. Ta jawo shi kan cinyarta, ta sa farce ta zaro ɗan maɓallin da ake juyawa. Ban tsaya tunani ba. Dogon nan na Landan ne ya faɗo mini. Na doke hannunta, duka mai ƙara, har masu karta suka waigo.

"Ke ma?" na ce. "Takalman naki kuɗin agogo ne? Muna bakin mutuwa kina sata?"

Ta mayar da hannunta cikin rigarta, ta juya fuska gaba. Na danna maɓallin ya koma, na rufe agogon da tafin hannu, na shiga karanta duk abin da na haddace tun ina ƙarama.

Da hancin jirgin ya sunkuya, na ce man ke nan ya ƙare. Kunnena ya toshe. Na yi kalmar shahada da ƙarfi, ban ji kunyar kowa ba. Muka huda gajimaren ta ƙasa, sai ga wani dogon bututu yana fitar da baƙin hayaƙi, ga rufin gidaje a jere, ga mota tana tafiya ƙarama kamar ƙwaro. Ban taɓa ganin abin da ya kai hayaƙin nan kyau ba. Ƙafar jirgin ta daki ƙasa. Agogona ya ce ɗaya da minti biyar.

Ɗakin saukar bai fi wancan girma ba. Malam Isiyaku na tsaye cikin wata riga kamar buhun auduga, ya durƙusa zai gaishe ni. Idona ya wuce kansa ya faɗa kan bango. Sha biyu da minti goma.

"Malam, agogon can ya mutu ne?"

Ya waiga. "Lafiyarsa ƙalau, Inna."

Na miƙa masa hannuna. Ya duba, ya duba bango, sai ya dafe goshi. "Af. Inna, ki gafarce ni. Nan muna bayan can da awa ɗaya. Daga tikiti na kwafo lokutan, ban tuna in gaya miki ba. Tafiyar awa biyu ce saura minti goma. Nisan ya kusa Kano zuwa Badun."

"Ba ƙasa ɗaya ba ce?"

"Ɗaya ce, faɗi gare ta. Agogonsu ya fi biyar."

"Mu daga Ikko har Barno agogo ɗaya muke bi, ba wanda ya mutu. Kai ka ja layi biyu ka ce kowace ƙasa da nata. Ka ce kowane gari?"

"Ban ce ba, Inna."

"Zan dawo kanka. Ta haihu?"

"Da saura, lokacin da na baro."

"To me muke yi a nan?"

Muna fita na tuna da tsohuwar, sai a lokacin na gane abin da ta so yi da maɓallin. Baya za ta mayar mini da shi. Na hango ta can nesa, 'yan uwanta sun ɗora ta bayan wani babur mai tafiya a kan ƙanƙara. Na ɗaga hannu, na yi kira, ban ma san sunan da zan kira ba. Ba ta waiwayo ba. Takalmanta na ƙafata. Na yi wata uku a garin nan ina duba fuskar kowace tsohuwa, ban sake ganinta ba.

A asibiti wata nas mai ƙiba ta tare ƙofa da hannu. Malam Isiyaku ya fara roƙo da Turanci. Ni ban roƙi kowa ba. Na ajiye jaka, na tuɓe rigar da mai jan gemu ya yafa mini, na je bakin famfo na wanke hannu har gwiwa, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, na ɗaga su sama suna ɗiga kamar yadda na ga ana yi shekara goma sha ɗaya. Nas ɗin ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ɗauko riga ta zura mini, ta buɗe ƙofa da ƙafarta.

Rakiya na kwance, leɓenta ya bushe, fuskarta na wajen ƙofa.

"Inna?"

"A'a, aljana ce."

"Na ɗauka ba za ki iso ba."

"Wa ya gaya miki? Rufe bakin nan ki tara numfashi, da sauran aiki a gabanki."

Na hau gadon ta bayanta na jingine ta a ƙirjina, na riƙe ta ta ƙarƙashin hammata. Ba wanda ya hana ni. Ta matse hannuna har agogon ya shiga nama. Da abin ya zo, ya zo da sauri. Jaririyar ta fito shiru, launinta kamar toka, nas ɗin ta juya ta tana murza bayanta, ni kuwa numfashina ya tsaya tare da nata, har ta tsala kuka. Duk da haka ban saki raina ba, domin ba a nan Hauwa ta tafi ba, bayan nan ne. Na sauko na tsaya ina kallon jinin. Na ɗora tafina a marar Rakiya ina murzawa, har na ji mahaifa ta dunƙule ta yi tauri a ƙarƙashin hannuna, jinin ya ja baya. Nas ɗin ta taɓa wurin, ta dube ni, ta gyaɗa kai.

Sannan ta ɗaga ido bango domin ta cike takardarta da lokacin haihuwa, ta nuna mini da biro abin da ta rubuta. Ɗaya saura minti biyar. Na san wannan lokacin. Na riga na gan shi yau a sama, da wasiyya a cikin rigata, ina dukan hannun baiwar Allahn da ba ta nufe ni da komai ba sai alheri. Sau biyu aka ba ni shi a rana ɗaya, na farkon na ɓata shi, na biyun ina inda ya kamata in kasance.

"Inna, kuka kike yi?" in ji Rakiya.

"Sanyin garinku ne ya shiga mini ido. Karɓi 'yarki."

Na leƙa waje. Malam Isiyaku ya miƙe zumbur daga benci, bakinsa a buɗe.

Na ce, "Mace ce, duk suna lafiya. Ka zo ka yi mata kiran salla a kunne. In ka gama ka bi gidajen garin nan ɗaya bayan ɗaya, ka nemo mini tukunyar da ta fi kowace girma."